Takalmin Baba Walt

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ba bawa ƙafar taka ta, ya kuma ɓoye masa inda ƙafar za ta kai shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Sunana Haladu, mutumin ƙasar Haɗeja. Hannuna ya fi sabawa da ajami, don shi na fara koya a gaban mahaifina, amma zan rubuta wannan da boko saboda 'ya'yana su karanta. Labarin zamana ne a Greensboro, wani gari a jihar North Carolina ta Amurka, da yadda wani tsohon takalmi ya kusa raba ni da mutanen da suka riƙe ni a can.

Zangona na farko shi ne Gate City Boulevard, wani dogon titi mai cike da shaguna da wuraren sayar da motoci. Wanda ya sauke ni mutumin wajenmu ne. Ba zan kama sunansa ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Tun ina gida yake ce mini akwai makarantar Islamiyya da ke neman malami, yara na nan jingim suna jira. Da na iso sai na tarar ba makaranta, ba yara, sai filin tsofaffin motoci da bokiti da soso. Da rana in wanke motoci, in kwana a bayan ofis a kan wata kujera da ba ta kai tsawona ba. Duk lokacin da na tambaye shi maganar makaranta sai ya ce, "Malam, nan fa Amurka ce, komai sai a hankali. Ana shiri." Sanyi ya shigo ya same ni hannu cikin ruwa, har fatar yatsuna ta tsattsage, ana dai shiri.

Abin da ya fi ci mini rai ba aikin ba ne. A gidanmu na Haɗeja, da ka doso ƙofar zaure takalma za ka fara gani, na almuru da na safe, na manya da na yara, wani a kife wani a miƙe. Da su ake gane gida mai mutane. A nan kuwa in na cire nawa na ajiye a bakin ƙofa, haka zan dawo in same su su kaɗai. Na sha tsayawa ina kallon su kamar zan ce musu sannu da kaɗaici.

Wata Asabar na shiga wani shagon kayan abincin Afirka a kan titin nan. Ina duba kwalabe ina magana ni kaɗai, na ce, "Ko daddawa ma sai an yi mata rubutun Turanci." Sai na ji an ce daga bayana, "Malam, ta Turanci ce amma warin na gida ne." Na juya na ga wani gajeren mutum mai dariya har kunne. Sunansa Yohanna, Kirista ne daga wajen Kafanchan. Kafin mu fita daga shagon ya ji labarina kaf. Bai ce komai game da mai masaukina ba, sai dai ya ce, "Litinin ka shirya, zan zo in ɗauke ka."

Haka na koma zango na biyu, wajen Wendover Avenue. Yohanna yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito, ya tsaya mini aka ɗauke ni aikin lodi. Ya samo mini ɗan ɗaki a rukunin gidajen da yake zaune. Matarsa Anti Rifkatu takan aiko mini da tuwo, kuma tun ranar farko ta ce, "Malam, ka ci da kwanciyar hankali, naman daga wurin mai yankanku na saya." Allah ya saka mata da alheri.

Garin nan, wanda ba shi da mota gurgu ne. Ni kuwa ko keke ba ni da shi, don haka duk inda Yohanna ya sa gaba nan na sa. Talata da Alhamis, in mun tashi daga aiki, ba gida yake nufa ba, sai wani fili a bayan gari inda yake atisayen ƙwallon zari-ruga. Nakan zauna a mota in ja carbi ina kallon ikon Allah: ƙarti sun sunkuya sun haɗa kawuna suna turereniya kamar raguna, ƙwallon kuwa kamar ƙwan jimina da aka matse. Kuma duk mai son ya ci gaba, baya yake miƙa wa ɗan'uwansa. Yohanna ya ce wannan ne ke ruɗa baƙi. Na ce wanda ya girma yana rubutu daga dama zuwa hagu, ya zo ya tarar da duniya tana yi daga hagu zuwa dama, ba ya saurin cewa wani ya yi kuskuren hanya.

A nan na san Baba Walt. Bature ne tsoho, fari fat da furfura, da sanda da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Shi ne kocin ƙungiyar tun kafin a haifi yawancin 'yan wasan. Wata rana ya zo ya ƙwanƙwasa gilashin motar da sandarsa.

"Yohanna, wane ne wannan da ka ɓoye mana? Kafaɗarsa ta cika motar."

"Malami ne, Koci. Ba ya faɗa."

"Ban tambaye ka ko yana faɗa ba. Yana iya turi?"

Yohanna ya fassara mini, don a lokacin Turancina na lodi ne kawai. Na ce ya gaya masa na yi kokawa da ƙuruciya, bayan an gama girbi, har zuwa ranar da mahaifina ya ce in zaɓa tsakanin allo da fage. Tsohon ya ce in fito. Ya sa wani ƙato ya sunkuya a gabana, ya nuna mini inda zan sa kafaɗa. Na ce bismillahi na tura. Ƙaton ya tafi da baya har ya zauna. Baba Walt ya yi dariya har da tari. Ya tambayi sunana, na ce Haladu. Ya gwada ya kasa, ya ce, "Hal." Sunan da ya bi ni ke nan.

Na shiga ne don na gaji da zaman mota. Amma abin da ya ɗaure ni daban ne. Magariba takan same mu a fili, sai in zame in je bayan ɗakin ajiye kaya in shimfiɗa kwali in yi salla. Ban san an lura ba. Wata Alhamis na zo na tarar an share kusurwa guda a cikin ɗakin, an kwashe ƙwallaye, an shimfiɗa guntun kafet. Baba Walt yana tsaye da gwangwanin fenti.

"Hal, ina kake fuskanta?"

Na nuna masa arewa maso gabas, don a can alƙibla ba gabas take sosai kamar a gida ba. Ya zana 'yar kibiya a bango. Daga ranar, da rana ta faɗi sai ya busa usur ya ce a sha ruwa, ba a komawa sai na fito. Bai taɓa cewa don ni yake yi ba.

Zango na uku Sedgefield ne, unguwar da yake zaune, mai manyan itatuwa da filin wasan golf. Ya ce ba zai yiwu mutum ya iya ture ƙato ya kasa tura mota ba, don haka ranar Lahadi yakan koya mini tuƙi a tsohuwar a-kori-kurarsa. Idonsa ya riga ya yi rauni ƙwarai. Yakan ce, "Ni ne baki, kai ne ido. In ka ga itace ka gaya mini, in gaya maka abin da za ka taka." Da haka na sami lasisi, da ikon Allah ba mu kashe kowa ba.

A falonsa na fara ganin takalmin. Ƙafar hagu ce kaɗai, baƙar fata mai ƙusoshi a ƙasa, an ɗora ta a kan wata kanta kusa da hoton marigayiya matarsa. Jar laka ta bushe a jikinta ta yi ɓawo. Na kai hannu zan kakkaɓe, ya ce, "Kul! Lakar nan ta girme ka a garin nan." Sannan ya zaunar da ni ya ba ni tarihi, kuma ba a rana ɗaya ya gama ba.

Yamma da Greensboro akwai garin Winston-Salem, tafiyar da ba ta kai a gaji ba. A da Greensboro garin masaƙu ne, Winston kuwa garin kamfanonin taba. Samarin garuruwan biyu suka kafa ƙungiyoyin zari-ruga, ba don kuɗi ba, don dai su sami inda za su daki juna ranar Asabar ba tare da 'yan sanda sun shigo ba. Na Winston suna kiran namu 'yan zare, namu suna kiran su 'yan hayaƙi. A karawarsu ta farko, shekara arba'in da ɗoriya ke nan, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a filin Winston. Ana cikin turereniya takalmin dama na Walt ya fita. Ya ƙarasa wasan da ƙafa ɗaya a safa. Mutanen Greensboro sun ce wani ɗan Winston mai suna Ray ne ya zare shi da gangan ya tura cikin rigarsa. Mutanen Winston sun ce laka ce ta haɗiye shi, Ray ya tsinta bayan an tashi. Har yau ba a daidaita ba, kuma na lura ba wanda yake so a daidaita.

Winston suka ci. A wurin cin abincin bayan wasa, don al'adarsu ce a ci tare komai zafin faɗan, Ray ya fito da takalmin ya cika shi da giya ya shanye a gaban mai shi. Da shekara ta zagayo Greensboro suka rama, suka ce a ba su kayansu. Ray ya ce sai ɗaya daga cikinsu ya sha daga ciki kamar yadda ya sha, kuma waɗanda aka ci su ne za su zaɓi wanda ya fi wahalar da su a fili. In wanda aka zaɓa ya ƙi, takalmi ya zauna inda yake. Dokar ke nan har yanzu, kuma ba a taɓa wanke takalmin ba.

Masaƙu sun rufe, aikin taba ya ja baya, mutane sun watse. An yi shekarun da kowace ƙungiya ba ta iya cika mutum goma sha biyar, sai su ari 'yan wasa daga juna don dai kada karawar ta mutu. An yi aure tsakaninsu, an yi jana'iza tare. Takalmi yana ta kai da komo. In ya zo Greensboro, a kantar nan yake kwana kusa da ɗan'uwansa. Amma a lokacin da nake ba ku labari ya daɗe a Winston, har yawancin 'yan wasanmu ba su taɓa ganinsa a garinmu ba.

"Bayan sanyin bana 'yata za ta zo ta tafi da ni wata jiha," in ji shi. "Ta ce na daina ganin matakala. Wannan na hagun da hoton nan su kaɗai zan sa a jaka. Amma ina so in taɓa su biyun a haɗe kafin in tafi. Za ku kawo mini shi, Hal?"

Na ce, "In sha Allahu."

Ya tambayi ma'anarsa, na ce in Allah ya so.

"To, shi na ji nasa. Kai fa, kana so?"

Na ce ina so. Sai na tambaye shi maganar shan, don ya san ba na kusantar giya. Ya kaɗa hannu. "Kwantar da hankalinka. Tunda aka fara ba a taɓa zaɓen ɗan sahun gaba mai turi irinka ba. Ku fuskarku na cikin laka, wa ya gan ku? Masu gudu masu gyaran gashi ake zaɓa." Muka yi dariya, na ajiye maganar.

Watannin da suka biyo baya ban san hutu ba. In ɗauki kaya a sito tun safe, in je fili in ɗauki mutane. Gwiwata ta kumbura, Anti Rifkatu ta haɗa mini man zafi da citta. Matata Hajara, da muke magana ta waya mai hoto, ta ga kunnena ya kumbura ta ce, "Malam, neman halal ka je ko dambe?" Na ce mata alkawari na ɗauka. Ta ce, "To Allah ya fid da kai, amma ka bar mana kunne ɗaya."

Ranar karawa, Asabar ce cikin kaka, muka ɗunguma zuwa Winston, zangona na ƙarshe a wannan labari. Filin nan ne dai na farko. Ruwa ya kwana yana zuba, ƙasa ta zama jan kunu. Baba Walt ya zo da takalmin hagu a cikin akwatin katako, kamar yadda yake yi duk shekara, wai ya gaisa da ɗan'uwansa. Anti Rifkatu ta zo da kula cike da zoɓo.

Ba zan iya ba ku labarin wasan dalla-dalla ba, don ɗan sahun gaba ba ya ganin komai sai ƙafafu. Na dai san muna gaba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, lokaci ya kusa cika, aka ba su turereniya dab da layinmu. In suka tura mu taku kaɗan, shi ke nan. Wanda ke gabana ya fi ni girma, ya kuma fi ni ƙuruciya. Na tuna abin da kawuna yake gaya mini a fagen kokawa, cewa ƙasa ake riƙewa kafin a riƙe mutum. Na kafa ƙafafuna cikin laka, na sauke ƙugu, na kira sunan Allah. Suka turo, ban motsa ba. Aka rushe, aka sake. Suka turo, wuyana kamar zai tsinke, ban motsa ba. Da aka sake haɗawa na ji numfashinsa ya canza, sai na ce wa na kusa da ni, "Yanzu!" Muka tafi da su baya, ƙwallo ya fito ta wajenmu, wani ya doka shi waje, alƙalin wasa ya busa.

Yohanna, wanda bai taɓa ƙwallo ba duk ranar, ya fi kowa ihu.

Na ɗauki butata na koma gefe na wanke jikina na yi la'asar. Da na dawo an taru a ƙarƙashin wata rumfa, ana gasa nama, 'yan zare da 'yan hayaƙi sun cakuɗa. Sai wani siririn tsoho mai malafa ya hau benci. Shi ne Ray. Ya ɗaga takalmin dama, ya yi baƙi ƙirin don tsufa, ya tuttula masa giya har ta yi kumfa. 

"Wanda ya hana mu barci yau," in ji shi, "ba mai gudu ba ne. Wancan ne, mai buta."

Aka ɗauki tafi da kiran "Hal! Hal!"  Ray ya gan ni ina salla, wannan ba shakka. Ko gaskiya ya bi, ko dabara ya yi don takalmi ya zauna, Allah ne masanin zuciyarsa. Ban taɓa tambayarsa ba.

Ya miƙo mini. Na sa hannuwana a baya na ce, "Na gode da girmamawa. Ba na sha."

Tafin ya mutu. Kyaftin ɗinmu, wani saurayi mai suna Derek, ya matso, laka har gira.

"Hal, kurɓi ɗaya ne. Ɗaya tak. Allah zai gane."

"Zai gane ƙwarai," na ce. "Abin da nake tsoro ke nan."

"Shekara nawa muna jiran yau? Dubi tsohon can! Dube shi mana!"

Yohanna ya shiga tsakani, ya ce mini da Hausa, "Malam, ni ma a cocinmu ba a sha. Ni dai Allah ya rufa mini asiri, ban iya wasa ba." Sannan ya juya ga Ray da Turanci ya ce, "Ba ni, ni zan sha a madadinsa." Anti Rifkatu ta zaro ido ta ce, "Baban Grace!" Ya ce, "Ki bari, na yi wa fasto bayani gobe." Ray ya girgiza kai, ya ce doka ba ta san madadi ba.

Wani ya ce a zubar a zuba ruwa. Na ce fatar da ta shekara arba'in tana shan abu, ta zama ita da shi ɗaya, kamar tukunyar ƙasa da ta jiƙa, ko an wanke ba ta rabuwa da shi. Ray ya ce ai ko wankin ma ba za a yi ba, ba a taɓa ba, ba kuma za a fara a kansa ba.

Na ratsa mutane na je inda Baba Walt yake zaune a kujerarsa, na tsuguna kamar yadda nake tsugunawa a gaban mahaifina. Ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba. Na tuna kafet, na tuna kibiyar bango.

"Baba, ka yafe mini. Wuyana da kafaɗata da gwiwata nawa ne, na ba ka su. Wannan kuwa ba nawa ba ne, balle in bayar."

 Na riga na sallama cewa zamana a cikinsu ya ƙare, zan koma ɗakina da takalmana su kaɗai. Sai ya lalubo kafaɗata ya dafa, ya ce, "Yohanna, ɗauko mini akwatin."

Ya buɗe, ya ɗaga na hagun sama.

"Ray! Wannan bai taɓa ɗanɗana komai ba sai ƙafata. Zai sha a ciki."

"Doka ta ce takalmin, Walt."

"Duka biyun nawa ne, ɓarawo. Ɗaya ka sata."

"Laka ce ta ba ni!"

"Laka mai riga?"

Aka fashe da dariya, har 'yan Winston. Ray ya sauko daga benci ya zo ya tsaya a gabansa. Tsofaffin biyu suka fuskanci juna, ɗaya yana kallo, ɗaya yana saurare.

"To ji sharaɗina," in ji Ray. "In wannan ya shiga wasa, ya shiga ke nan. Ba zai bi ka gidan 'yarka ba. Daga yau duk garin da ya ci, biyun zai ɗauka. Baɗi in mun ci, ko igiyarsa ba za ku gani ba."

Na ce, "Baba, kada ka yarda. Shi ne za ka sa a jaka."

"Hoton ya ishe ni," in ji shi. "Na yarda, Ray."

Saura abu ɗaya, kuma ya fi mini wuyar faɗa. Na ce, "Baba, sai na wanke shi."

Ya sa yatsunsa ya shafa busasshiyar lakar nan a hankali, daga dunduniya har baki, kamar mai karatu da hannu. Sannan ya miƙo mini. "Wanke. Daga filin nan ta fito."

Na koma bakin rumfa da butata. Na zuba ruwa na cuɗa ciki da waje, jan ruwa yana gangarowa yana komawa ƙasar da ya baro tun kafin in san akwai wata Amurka. Aka sake cika mini buta har ruwan ya fita fari. Anti Rifkatu ta cika takalmin da zoɓo. A garinmu, in aka ce wa mutum ya sha abu a takalmi, sai an kai ga gaban mai unguwa. Na yi wannan tunanin, na kuma tuna cewa abin da aka hana ni daban, abin da raina ke ƙyama daban. Suna ta ihu in miƙe tsaye in kafa kai. Na zauna a kan benci, na riƙe da dama, na yi bismilla, na sha ina hutawa har na ga ƙasansa. Akwai ɗanɗanon tsohuwar fata, amma citta ta rufe.

Ray ya ce a ba shi abin nan ja ya ji. Ya kurɓa, citta ta kama masa maƙogwaro, ya yi ta tari yana cewa wannan ai ya fi nasu mugunta. Da ya lafa, ya juye na daman a ƙasa, ya kawo ya ɗora a cinyar Baba Walt. Na ɗora na hagun. Tsohon ya lalube su, ya gyara su dama a dama hagu a hagu, ya haɗa dugadugansu, ya rufe su da tafukansa. 

Ba zan ce kowa ya ji daɗi ba. Akwai waɗanda har yau suke cewa taurin kaina ya jefa takalma biyu cikin haɗari a maimakon ɗaya, kuma gaskiya suka faɗa. Derek bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Sai dai yanzu shi ke busa usur in rana ta faɗi.

Da sanyi ya wuce 'yar Baba Walt ta zo. Ni na tuƙa a-kori-kurar na kai kayansa inda za a loda. Kafin ya shiga mota ya sa aka miƙo mini akwatin katakon, takalman biyu na ciki. Ya ce kantarsa ta tafi, ƙungiya kuma ta yarda su zauna a wurina. Na ce masa na daman ba zai shiga inda nake salla ba. Ya ce, "Ka ajiye su inda kuke ajiye takalmi."

Suna nan daga cikin ƙofata, a kan 'yar tabarma, kusa da nawa. Rannan muna magana da Hajara, na juya wayar ba da niyya ba, sai ta hango su.

"Malam, baƙo ka yi?"

Na ce, "Baƙo na yi."

"Ƙafarsa da girma. Yaushe zai tafi?"

Na ce mata akwai mutanen wani gari da suka ce za su zo su tafi da shi in kaka ta yi. Ta ce, "Kai kuma me ka ce?" Na ce ban ce komai ba, na dai ƙara ranar Asabar a kan Talata da Alhamis. Gwiwa tana ciwo, shekaru suna ja, amma baƙon da ya cire takalmi a ƙofarka ba ka barin a fitar da shi kana kallo. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa ƙafafunmu su tabbata inda ya kamata su tabbata.